Wa Ke Iya Cin Sukari? Sharhi kan Enzayim, Bakteriya da Tsamin Nono

Idan aka ɗauki ƙwayar dawa da karan da ya haife ta, aka warware kowanne a ɗakin gwaje-gwaje har zuwa ƙananan sinadaran da suka haɗa shi, za a tarar mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar gulukos ne, kaso mai tsoka na karan ma gulukos ne. Gulukos shi ne sukarin da ke yawo a jininmu, wanda ake aunawa a asibiti idan ana zargin ciwon suga. A cikin ƙwayar, dubban gulukos ne aka jera aka ƙulla suka zama sitaci. A cikin karan kuma an ƙulla su sun zama selulos, zaren da ke ba tsiro tauri har ya tsaya da ƙafarsa. Duk da haka mutum yana cin tuwon dawa ya ƙoshi ya tashi da ƙarfinsa, amma da zai daka karan ya yi laushi ya cika cikinsa da shi, yunwa ce za ta kashe shi. Saniya kuwa da karan nan take cin rani. Bambancin yana wurin ƙullin, wato yadda kowane gulukos ya riƙe na kusa da shi, da kuma wanda ke da abin kwance wannan ƙulli. Abin kwancewar shi ne enzayim. Hujjar da nake son kafawa ita ce sukari ba ya zama abinci sai ga mai enzayim ɗin da ya dace da shi, kuma tun da babu halittar da ta mallake su duka, cin abincin mutum da na dabba ya dogara ne a kan aron enzayim daga bakteriya da sauran ƙananan halittu. Wanda ya fahimci haka zai daina kallon bakteriya a matsayin cuta kawai, kuma zai ga nono da kindirmo da kunun zaki da wani ido daban.

Enzayim furotin ne da halitta ke ƙerawa a jikinta domin ya gaggauta wani aiki na sinadarai wanda, da an bar shi, zai iya ɗaukar shekaru bai auku ba. Shi ya sa sukari ke shekara a gwangwani bai sauya ba, amma da ya shiga hanji sai ya rabe nan take. An daɗe kafin a gane haka. A 1833 wasu masana biyu a Faransa, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka fitar da wani sinadari daga tsirarren sha'ir mai mayar da sitaci sukari. A 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa madara tsami, ya kuma tafi a kan cewa irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da rai. Shekara arba'in bayan nan, a 1897, Eduard Buchner a Jamus ya niƙe yis da yashi ya tatse ruwansa, babu ƙwayar yis ko ɗaya mai rai a ciki, amma ruwan ya ci gaba da sarrafa sukari yana fitar da iska da barasa. Nan aka tabbatar cewa halitta ce ke ƙera kayan aikin, amma kayan suna iya aiki ko bayan ta mutu, kuma wannan batu zai yi mana amfani idan muka zo kan nono. Emil Fischer kuwa, a 1894, shi ya kawo misalin da har yau ba a sami wanda ya fi shi sauƙi ba: enzayim da sukarin da yake yanka kamar makulli ne da kwaɗo, kowane kwaɗo da nasa. Makullin sitaci ba ya buɗe selulos, ko da yake gulukos ne a bayan ƙofofin biyu.

Cin sukari mataki biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ke rikita mutane. Na farko shi ne yanka doguwar sarƙa ko tagwayen sukari zuwa ɗaiɗaiku. Na biyu yana faruwa ne a cikin ƙwayar halitta, inda enzayim goma ke karɓar gulukos ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi nasa ya miƙa wa na gaba, har a raba shi gida biyu zuwa wani sinadari mai suna fairubet. Daga wannan hanya, wadda masana suka gama tantance ta wajen 1940, halitta na samun ribar ATP biyu, wato ɗan sinadarin da ke ɗauke da kuzari zuwa duk inda ake bukatarsa a jiki. Idan akwai iskar oksijin da kayan amfani da ita, ana ci gaba da ƙona fairubet har a sami ATP kusan 30 daga gulukos guda. Idan babu, dole a sauke fairubet ta wata hanya don aikin kada ya tsaya: bakteriyar nono suna mayar da shi asid ɗin laktik, yis kuma yana mayar da shi barasa da iskar kabon. Abin lura shi ne wannan mataki na biyu kusan iri ɗaya ne a jikin mutum da saniya da yis da yawancin bakteriya. Jajayen ƙwayoyin jininmu da shi kaɗai suke rayuwa. Ƙwayar cutar maleriya ma, idan ta shige su, da shi take zuƙe gulukos, har wasu daga cikin kayan gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jini a asibitoci enzayim ɗinta mai yin asid ɗin laktik suke nema. Ke nan ba a ciki halittu suka bambanta sosai ba. A bakin ƙofa suka bambanta, wurin wanda ke iya yanka wace sarƙa.

A nan ne talaucin ɗan Adam ke bayyana. Muna da amiles, enzayim mai yanka sitaci, a cikin yawu, shi ya sa lomar tuwo ko burodi ke ɗan zaƙi idan aka daɗe ana taunawa, muna da wani amiles ɗin da fankiriyas ke zubawa a ƙaramin hanji, sai 'yan kaɗan a jikin bangon hanjin masu raba sukarin rake da na sitaci da na madara. Duka enzayim ɗinmu na narkar da dangin sukari ba su kai ashirin ba. Wata bakteriya guda da ke zaune a babban hanjinmu, Bacteroides thetaiotaomicron, tana da fiye da 200. Saboda haka duk abin da ya gagare mu, dusar hatsi da zaren kuɓewa da ganyen zogale da wasu sukarori da ke cikin wake, yana wucewa ƙasa inda bakteriya ke jiransa. Iskar da ke damun wanda ya ci wake shaidar aikinsu ce. Amma ba iska kaɗai suke bari ba: suna fitar da wasu ƙananan asid, cikinsu har da butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanjin. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na nonon uwa. A cikinsa akwai dangin sukari masu yawa waɗanda jariri ba shi da enzayim ɗin narkar da su sam, ga shi kuwa jikin uwa ya kashe kuzari wajen ƙera su. Abincin wata bakteriya ce mai suna Bifidobacterium, wadda ke cika hanjin jariri mai shan nono, ta sa wurin ya yi tsami, ta hana masu kawo gudawa samun wurin zama. Tun daga makon haihuwa, ke nan, an tsara mu a kan zama da waɗannan halittu.

Saniya ta fi mu dogara da aron nan nesa ba kusa ba, domin ita ma ba ta da enzayim ɗin yanka selulos. Abin da take da shi tumbi ne, babban ɗaki mai ɗumi marar iska, cike da bakteriya irin su Fibrobacter da Ruminococcus da wasu ƙananan halittu, waɗanda ke manne wa ciyawa suna yanka zarenta. Tuƙar da saniya ke yi tana ƙara farfasa ciyawar ne don su sami wurin kamawa, yawun da take haɗiya kuma yana rage tsamin tumbin. Gulukos ɗin da ya fito bakteriyar ne ke cinye shi; saniya tana tsotse ragowar aikinsu, wato waɗannan ƙananan asid, kuma daga gare su take samun kusan kashi 70 cikin 100 na kuzarinta. Daga baya ma ta narkar da bakteriyar kansu ta sami furotin. Duk dukiyar makiyayi, daga madara har nama da man shanu, ta biyo ta hannun halittun da bai taɓa gani ba. Masu turke raguna don layya sun san gefen wannan ilimi mai ɗaci. Idan aka ɗauki ragon da ya saba da harawa aka tula masa hatsi a rana ɗaya, ko ya kwance ya faɗa wa buhun masara, sitacin da ya yi yawa yana ba wa wasu bakteriya masu saurin haihuwa, irin su Streptococcus bovis, damar mamaye tumbin. Suna zuba asid ɗin laktik fiye da kima, tsamin ya kashe masu yanka selulos, dabbar ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura, wani lokaci ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake ƙara hatsi sannu a hankali cikin makonni, don jama'ar tumbin ta sami lokacin sauyawa. Ita ma gara, mai gina manyan surruka a dazukanmu, naman gwari take nomawa a cikin surinta ya taya ta narkar da itace.

Batun madara ya fi kowanne kusa da mu. Sukarinta, laktos, tagwaye ne na gulukos da galaktos, kuma yana kai kusan kashi 5 cikin 100 na madarar shanu. Kowane jariri lafiyayye yana da laktes, enzayim ɗin da ke raba shi, amma a wajen kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya jiki yana rage ƙera shi bayan yaye. Babban mutum irin wannan idan ya sha ɗanyar madara da yawa, laktos ɗin ya wuce babban hanji bai rabu ba, ya jawo ruwa, bakteriya su far masa, sai kumburin ciki da murɗa da zawo. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya na Najeriya, tare da abokan aikinsu, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilu daban-daban na ƙasar. Sun tarar mafi yawan manyan Yarabawa ba sa narkar da laktos, alhali mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da shi. Binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya nuna dalili: a cikin al'ummun da suka daɗe suna kiwo an sami wani ɗan sauyi da ke barin laktes yana aiki har tsufa, kuma irin sauyin da ya yaɗu tsakanin Fulani shi ne wanda ke tsakanin Turawa, alhali makiyayan gabashin Afirka suna da wani nasu daban. To amma fura da nono ba abincin Fulani kaɗai ba ne. Daga Sakkwato zuwa Damagaram, manomi da ɗan kasuwa da almajiri duk suna sha, da yawansu kuwa ba su gaji wannan sauyi ba. Abin da ya buɗe musu ƙofar madara shi ne tsami. Bakteriyar da ke cikin ƙwaryar nono suna da nasu enzayim na raba laktos, suna cin gulukos ɗin su fitar da asid ɗin laktik, kuma idan tsamin ya ƙaru har ma'aunin da ake kira pH ya sauko daga kusan 6.6 zuwa 4.6, furotin ɗin madara ya dunƙule, kindirmo ya yi kauri. A kan wannan enzayim ɗin ne ma François Jacob da Jacques Monod suka bayyana, a 1961 a birnin Paris, dalilin da ya sa bakteriyar E. coli ba ta ƙera shi da yawa sai idan akwai laktos a kusa. Daga nan aka fara fahimtar yadda ƙwayoyin gado ke kunnuwa da kashewa, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1965.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa. Zai ce tsami ba ya cinye laktos duka, kuma gaskiya ne: a yogot abin da bakteriya ke cinyewa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. To me ya sa wanda madara ke ɓata wa ciki yake shan nono lafiya? Amsar ta fito a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1984, inda aka nuna cewa bakteriyar yogot suna shiga ciki ɗauke da enzayim ɗinsu, bangon jikinsu ya kare shi daga asid ɗin ciki, ya isa ƙaramin hanji ya ci gaba da raba laktos a can. Abin da Buchner ya gani a kwalba ke nan yake faruwa a hanjin mai shan fura. Kaurin nonon kuma yana sa ya sauka a hankali, ɗan laktes ɗin da ya rage wa mutum ya sami sararin aiki. Zai kuma iya cewa ai bakteriyar sun riga mu cin abincin, mun sami saura. Lissafin da ya gabata ya isa amsa: daga gulukos ɗin da ke iya ba da ATP kusan 30, biyu kacal suka ɗauka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuzarin yana nan a cikin asid ɗin laktik, kuma jikinmu, da yake yana da oksijin da kayan ƙona shi, yana amfana da shi. Ladan da suke karɓa ƙarami ne idan aka auna shi da abin da suke bayarwa, musamman a ƙasa mai zafi inda ɗanyar madara ba ta wuni ba tare da firji ba, amma nono mai tsami yana kwana ya kai kasuwa.

Kunun zaki ya nuna cewa ba daga bakteriya kaɗai ake aro ba. Mai yin sa takan raba gasara biyu, ta dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta jira ya huce, sa'an nan ta zuba ɗanyen kason da aka niƙa da dankalin Hausa ko tsirarren hatsi, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito. Kowane mataki yana da dalili. Zafi yana kumbura sitaci ya buɗe shi, amiles ɗin da ke cikin dankali ko tsiro yana yanka shi zuwa sukari, jiran hucewar kuwa don tafasa tana lalata enzayim ne, da an zuba da wuri da aikin ya mutu. Cikin dare bakteriyar laktik suna cin wani ɓangare na sukarin su kawo ɗan tsamin da ke ba kunun armashi. Nan ne wani zai tambaya, kuma tambayarsa a kan hanya take ga musulmi: shin wannan ba hanyar giya ba ce? Hanyoyin biyu tare suke tafiya har zuwa fairubet, daga nan suke rabuwa, kuma enzayim ɗin da halittar ke da shi ne ke yanke hukunci. Bakteriyar da suka fi yawa a nono da kunun kwana ɗaya asid suke yi. Yis ne ke da enzayim biyun da ke kai wa ga barasa, kuma masu burkutu da gangan suke ba shi sukari mai yawa da lokaci. Kunun da aka bari kwanaki a zafi yana iya komawa hannun yis, kumfa da sauyin warinsa kuma suna faɗa. Hukunci na malamai ne, amma sanin inda hanyar ta rabu yana taimakon mai tambaya da mai ba da fatawa.

Suka mafi nauyi ita ce wannan aikin da nake yabo shi ne dai ke cin haƙoran yara. Ba za a musa ba. Streptococcus mutans, mai zama a baki, tana da wani enzayim da ke raba sukarin rake, ya ɗauki gulukos ɗin ya saƙa wani abu mai danƙo da ke manne ta a jikin haƙori. A ƙarƙashin wannan danƙo take yin asid ɗin laktik, irin na nono sak, kuma da ma'aunin pH ya sauka ƙasa da kusan 5.5 sai farin bangon haƙori ya soma narkewa. Tun 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana tushen wannan. Amma a duba abin da misalin ke koyarwa. Yawu yana wanke asid ɗin ya mayar wa haƙori ma'adinansa idan aka ba shi lokaci, saboda haka yawan maimaita shan zaƙi ya fi yawan abin da aka sha a zama ɗaya ɓarna: yaron da ke tsotsar alewa da lemon kwalba daga safe zuwa dare bai bar wa bakinsa hutu ba. Asid ɗaya ne a ƙwaryar nono da tumbin rago da kogon haƙori, kuma abin da ya raba amfani da ɓarna shi ne wace halitta ce, a ina, da wane sukari, na tsawon wane lokaci. Duk huɗun kuwa a hannun mutum suke. Wanda ya ce a kashe bakteriya duka ya huta bai lura ba cewa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, wanda ya zama ruwan dare a shagunan magani, yana share har da masu amfanin da ke hanji, shi ya sa zawo ke yawan biyo bayansa.

Inda ya kamata a tsaya a yi hattara shi ne kada a ɗora wa tsami abin da ba zai iya ba. Yana hana yawancin masu ruɓar da abinci yaɗuwa, amma ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayar tarin fuka ta shanu ko ta burusela, cutar da ke sa shanu ɓari ta kuma sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, kuma dukansu biyu suna bin ɗanyar madara. Hanyar da masu kindirmo da yawa ke bi ta riga ta magance wannan: a tafasa madarar, a bari ta huce har yatsa ya iya jure ta, sa'an nan a zuba ɗan ragowar kindirmon jiya a rufe. Tafasar ta share kusan duk wanda ke ciki, mai cuta da marar cuta, ragowar jiyan kuma ta shigo da bakteriyar da ake so da yawan da zai sa su riga kowa cinye filin. Kamfanonin yogot abin da suke yi ke nan da injuna, da nau'i biyu da suka zaɓa, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus. Aikin da ke gaban jami'an lafiya da na kiwo a jihohinmu shi ne su kai wannan mataki na tafasa ga rugagen da har yanzu ake barin ɗanyar madara ta yi tsami da kanta, tare da tsabtar ƙwarya da ruwan da ake sirkawa da shi a kasuwa, domin yawancin cutar da ake ɗora wa nono daga waɗannan wurare take shigowa.